Waken Suya da Nonon Saniya a Ƙasar Gaya

Wanda ya bi ta Toranke da la'asar, ko ta Ajingi, ko cikin garin Gaya, da wuya ya wuce bai ga yarinya a bakin hanya da kaskonta tana juya awara cikin mai ba. Sau da yawa kusa da ita akwai wata da bokiti cike da wani farin abin sha ƙulle cikin leda, wanda a ke kira madarar waken suya. Yaran yanzu sun tashi sun tarad da waɗannan abubuwa, har suna tsammani tun kaka da kakanni a ke yinsu. Alhali kuwa in ka tambayi dattijo ɗan shekara saba'in, sai ya ce maka da ƙuruciyarsa ko sunan awara bai taɓa ji ba. Farin abin sha da ya sani shi ne nonon saniya, wanda Bafillatana ke ɗauko wa cikin ƙwarya daga ruga, a dama da fura.

To, yaya aka yi wannan baƙon wake ya shigo ƙasarmu har ya zauna wurin da nono ke zama? Kuma ko zai iya aikin da nono ke yi a jikin mutum, musamman wajen ƙarfin ƙashi da lafiyar ciki? Wannan ba tambayar banza ba ce, domin a gidaje da yawa yau madarar wake ita ce kaɗai madarar da yara ke sha.

Yadda nono ya yi wuya

A zamanin da, akwai wata ma'amala tsakanin manomi da makiyayi a duk gabashin Kano. In an gama girbi sai Fulani su sauka da shanunsu cikin gona, shanu su ci kara da harawa, su bar taki. Matan Fulani kuwa su shigo gari da nono da man shanu, su koma da hatsi. Da damina nono ya kan yi araha, har talaka ma ya sha fura da shi kullum.

Amma dukiyar shanu ba ta da tabbas. Wajen shekarar 1891 annobar bushiya ta ratsa ƙasashen nan, ta kashe shanu ba iyaka, har aka sa wa wannan lokaci suna Sannu, sabo da gaisuwar jaje da a ke ta yi wa masu shanu. Turawa suka buɗe ma'aikatar likitan dabbobi a Vom cikin 1924, allura ta rage cutar, shanu suka sake yawa. Daga baya kuma sai ga babban fari na 1972 zuwa 1974, sa'an nan bushiya ta komo cikin 1983, fari ya sake biyo bayanta. Ba a tabbatar da ƙarewar bushiya daga duniya ba sai cikin 2011.

Ban da wannan, jama'a ta yi yawa. Dajin da a ke kiwo ya zama gona, burtali ya ƙuntata, masu manyan garke suka yi ta gangarawa kudu neman ciyawa. Madarar gwangwani da ta gari, waɗanda a ke kawowa daga Turai, su suka riƙa toshe giɓin a birane. Sai cikin 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, duk abin da a ke sayowa daga waje ya yi tsada. Nono ya yi wuya a ƙauye, madara ta gagari talaka a birni. A wannan hali ne waken suya ya sami ƙofar shiga.

Asalin baƙon

Waken suya ɗan ƙasar Sin ne, an fi shekara 3,000 ana nomansa a can. Mutanen Sin su suka fara jiƙa shi su niƙa, su tace, su tafasa ruwan su sha, su kuma daskarar da shi ya zama abin da mu ke kira awara. Su kan danganta wannan dabara ga wani ɗan sarauta mai suna Liu An, wanda ya mutu shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin 1940 wani attajiri a Hong Kong, K. S. Lo, ya kafa kamfanin Vitasoy, yana sayad da madarar wake cikin kwalba, da nufin talakawan da ba su iya sayen madarar saniya su sami abin sha mai gina jiki. Ka ga ashe ko a can ma tsadar madara ce ta tura mutane wajen wake.

A Nijeriya kuwa an fara gwada shi cikin 1908 a gonar gwaji ta gwamnati da ke Badun, watau Ibadan, amma bai yi ba. Cikin 1928 aka gwada a Samaru ta Zariya, ya karɓi ƙasa. Cikin 1937 aka kawo wani iri daga Malaya, wanda Tibi na lardin Binuwai suka rungume shi, har aka fara fitad da shi zuwa Turai cikin 1947. A wannan zamani mu nan Kano ba ruwanmu da shi, gyaɗa ce sarauniya tun da jirgin ƙasa ya iso. Ko masu nomansa ma don sayarwa su ke yi, ba su cika ci ba, domin in an dafa shi kamar wakenmu ba ya nuna da wuri, ga shi da gafi. Sai dai matan kudancin Zariya, wajen Kafancan, sun gane da wuri za a iya yin daddawa da shi maimakon kalwa.

Tsohon irin nan yana da aibi uku. Ƙwayarsa ta kan mutu in an ajiye ta cikin zafi kafin wata damina. Kwasfarsa ta kan fashe a gona ƙwaya ta watse tun ba a girbe ba. Na uku, saiwarsa ba ta jituwa da ƙananan halittun da ke cikin ƙasarmu, waɗanda su ke zama a saiwar wake da gyaɗa suna samo musu taki daga iska. Masanan ma'aikatar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Badun cikin 1967, ta ke kuma da reshe a Kano, su suka yi ta auratayyar iri har suka fid da sababbi masu lamba TGx, waɗanda suka rabu da galibin wannan aibi. A ciki har da masu nuna da wuri, su ne suka dace da jigawa mai gajeren ruwa irin tamu, ko da ya ke har yau an fi nomansa a kudancin Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa, inda ruwa ya fi yawa. Manoma suka lura kuma yana gyara gona, yana rage wuta-wuta ga dawar da aka shuka bayansa. Gyaɗa kuwa tun da cutar kuturta ta faɗa mata cikin 1975 ba ta koma kan gadonta na da ba.

Noma dabam, ci dabam. Daga 1987 IITA ta shiga koya wa mata sarrafa waken a gida. Cikin 1989 wani masani ɗan Japan, Osamu Nakayama, ya zo ya yi aiki da Sidi Osho ta wannan ma'aikata, suka daidaita dabarar Sin da kayan gida, har da ruwan tumfafiya, wanda masu shanu ke daskarad da madara da shi su yi cuku. Wannan cuku Yarbawa na kiransa wara, daga nan sunan awara ya fito. Matan Hausa suka karɓa suka mai da ita tasu, suna daskarar da ita da ruwan tsamin kamu, ko tsamiya, ko alam. Kafin a yi nisa ta zama sana'ar matan aure a cikin gida, har ƙauyukan da malamin gona bai taɓa takawa ba.

Abin da ƙashi ke bukata

Babu shakka waken suya abinci ne mai albarka. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne, watau abin da ke gina tsoka, irin wanda a ke samu cikin nama da ƙwai, kamar kashi ɗaya cikin biyar kuma mai ne. Yaron da uwarsa ba ta da kuɗin nama, in ya sami awara ya sami madadi na ƙwarai.

Amma ƙashi da wani abu dabam a ke gina shi. Sunansa kalsiyam, shi ne kuma cikin alli da ɓawon ƙwai. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙori. Ƙashi kamar rumbu ya ke: tun daga ƙuruciya a ke zuba masa, har wajen shekara 30, daga nan sai a riƙa ɗiba kaɗan kaɗan. Wanda bai cika rumbunsa da ƙuruciya ba, shi ne da tsufa ƙashinsa ke zama holoƙo, ya yi tuntuɓe kaɗan ya karye a ƙugu ko a wuyan hannu. Mata sun fi shiga wannan hatsari, domin in mace ta daina al'ada sai wani sinadari na jikinta mai suna istirojin, wanda ke tsare ƙashi, ya ragu ƙwarai.

To, a nan ne maganar Hausawa ta ke fitowa, da su ke cewa kama da wane ba ta wane. Kofi guda na madarar saniya, mai cin rubu'in lita, yana da kalsiyam wajen miligiram 300. Kofi guda na madarar wake wadda ba a ƙara mata kome ba, kamar kashi ɗaya cikin biyar na wannan kaɗai ta ke da shi, in kuwa mai sayarwa ta tsinka ta da ruwa sai ya ƙara raguwa. Madarar waken da a ke sayarwa cikin kwali a Turai da Amurka, galibi kamfani ne ke zuba mata kalsiyam har ta kamo ta saniya, jiki kuwa yana amfana da shi sosai. Haka kuma yawancin awarar Sin da wani farin dutse mai kalsiyam a ke daskarar da ita. Tamu ta ruwan tsami ba ta samun wannan ƙari.

Kada mai karatu ya ce ai wannan damuwar Turawa ce. A ƙasar nan tamu akwai yara masu gwame da masu ƙafar baka, waɗanda ƙashinsu ya yi taushi ya lanƙwashe. Likitocin duniya sun daɗe suna ɗauka rashin bitamin D ne kaɗai ke kawo wannan, shi kuwa daga hasken rana fata ke samunsa. Sai abin ya ɗaure kai, domin mu rana ba ta yi mana rowa ba. Cikin 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jos suka bayyana binciken da suka yi a kan yara 123 masu wannan ciwo. Sun tarar abin da yaran ke samu na kalsiyam cikin abinci wajen miligiram 200 ne a yini, alhali ƙaramin yaro yana bukatar 500 ko fiye. Suka raba su kashi uku, waɗansu aka ba su bitamin D, waɗansu kalsiyam, waɗansu duka biyu. Bayan mako 24, waɗanda suka sami kalsiyam su suka fi warkewa. Cikin 2015 kuma suka nuna garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa yana warkad da ciwon. Watau dai a ƙasarmu ƙarancin kalsiyam cikin abinci shi ne babban tushen lanƙwashewar ƙashin yara.

Akwai kuma wata magana da a ke yaɗawa, cewa waken suya yana tsare ƙashin tsofaffin mata. Tushenta shi ne, cikin waken akwai waɗansu sinadarai da a ke kira aisofilabon, masu kama da istirojin, amma ba su kai shi ƙarfi ba. A birnin Shanghai na Sin an bi diddigin mata 24,403 da suka daina al'ada, aka bayyana cikin 2005 cewa waɗanda suka fi cin abincin waken suya, karayarsu ta gaza ta masu ƙarancin cinsa da kamar kashi ɗaya cikin uku. Amma a Miami ta Amurka an gwada mata 248, aka ba rabinsu ƙwayar aisofilabon, rabi kuma ƙwayar da ba kome cikinta, har shekara 2. Da aka auna ƙashinsu, sakamakon da ya fito cikin 2011 ya nuna babu bambanci. Masana sun kawo dalilai na wannan saɓani. Matan Sin waken su ke ci gaba ɗaya, tun suna yara, da awararsu mai kalsiyam. Wani dalilin kuma yana cikin hanji.

Baƙin da ke cikin hanji

Cikin 1676 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya duba ɗigon ruwa da madubin da ya ƙera, ya ga waɗansu halittu suna motsi waɗanda ido ba ya gani. Su ne a ke kira bakteriya. Mun fi saninsu da kawo cuta, amma galibinsu ba su cutarwa, waɗansu ma ba ma iya zama lafiya sai da su. Cikin babban hanjin kowane mutum akwai su, an ƙiyasta yawansu ya kai tiriliyan 38. Cikin 1899 likita Tissier a Paris ya gano wani iri mai amfani a cikin jarirai masu shan mama, wanda a ke kira bifido. Cikin 1907 kuma Metchnikoff ya yi ta yaba wa nono mai tsami da manoman Balgeriya ke sha, yana cewa halittun da ke tsamad da shi suna gyara ciki. Kindirmon Fulani ma irin waɗannan halittu ne ke kama shi.

Wannan ya shafi waken suya ta hanya uku. Ta fari, cikin waken akwai wani irin sukari wanda cikin mutum ba ya iya narkarwa, sai ya wuce babban hanji, bakteriya su ci. Irin bifido suna sonsa, suna ƙaruwa da shi. Wannan ci da su ke yi shi ke kawo iska da kumburin ciki ga wanda bai saba ba, kamar dai yadda wakenmu ke yi. Jiƙa waken da zubad da ruwan jiƙon yana rage abin.

Ta biyu, madarar saniya ita ma tana da nata sukari, wanda manya da yawa ba su iya narkarwa. Binciken da aka yi a Nijeriya cikin 1971 ya nuna galibin Fulani makiyaya suna narkad da shi har tsufa, galibin Yarbawa kuwa ba su iyawa. Shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara sai cikinsa ya yi ta ƙugi, amma in nono ya yi tsami ya sha lafiya, domin tsamin ya cinye wani kashi na sukarin. Madarar wake ba ta da wannan sukari ko kaɗan, sabo da haka ta kan zauna a cikin da madarar saniya ta ƙi.

Ta uku ita ce mai ban mamaki. Cikin 1932 waɗansu masana a Ingila suka sami wani sinadari cikin fitsarin goɗiya mai ciki, suka sa masa suna ikwal, daga sunan doki da Latananci. Shekara 50 bayan haka aka same shi cikin fitsarin mutane, aka kuma gane bakteriyar hanji ce ke yinsa daga aisofilabon na waken suya. Ikwal ya fi abin da aka yi shi da shi ƙarfi a jiki. Sai dai ba kowa ke da halittun da ke yinsa ba. A Turai da Amurka kamar mutum ɗaya ne cikin uku ko huɗu, a Japan da Sin da Koriya kuwa kamar rabin jama'a. Ke nan mata biyu sai su sha madarar wake daga tukunya guda, amfanin da kowacce ta samu ya bambanta, gwargwadon baƙin da ke zaune cikin hanjinta.

Abin da ya kamata mu riƙe

Wanda ya bi wannan tarihi zai ga waken suya ya zo mana a kan gaɓa, ya rufa wa gidaje asiri, ya ba mata sana'a, ya ba yara abin gina tsoka. Kuskuren da za mu yi shi ne mu ɗora masa kayan da ba nasa ba, mu ce tun da fari ne kamar nono, ya isar wa ƙashi.

Abin farin ciki, maganin yana tsakar gidanmu. Garin kuka, wanda waɗansu ke rainawa, yana cikin ganyayen da suka fi kalsiyam. Haka zogale, da riɗi wanda ba a sussuke ba, da ƙananan busassun kifi in an daka su har da ƙaya an zuba cikin miya. Nono kuwa, ko sau biyu ko uku a mako aka samu, a fara ba yara da mata masu ciki da masu goyo. In kuɗi ya kai ga ta kwali, a karanta jikin kwalin a ga ko an rubuta an ƙara kalsiyam, a kuma girgiza kafin a zuba, domin ya kan kwanta a gindi. Ga amfanin yaƙi da jahilci ke nan.

Masu yin ta a gida su jiƙa waken sosai, su zubad da ruwan, su bar madarar ta tafasa kamar minti 20, domin ɗanyen wake yana da wani abu mai hana jiki amfana da furotin, wuta ce ke kashe shi. A sa ruwa mai tsabta, kada kuma a bari ta kwana cikin zafi, domin abin da ke ciyad da bakteriya masu amfani yana ciyad da masu kawo gudawa. Jariri kuwa ba a musanya masa mama da madarar wake ta gida ko kaɗan. Wata shida na fari mama kaɗai ya ke bukata, bayan nan a ci gaba da ba shi tare da kunu.

In uwa ta ga ƙafar ɗanta ta fara lanƙwashewa, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, ko ya yi jinkirin tafiya, kada ta ce gado ne, kada kuma ta tsaya jiran ya miƙe da kansa. A kai shi asibiti tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuriya cikin lafiya, amin.